Kitson Gefe Ɗaya

Ga wata nan tafe daga nesa, ku gyara zama ku ji.

A can ƙetaren babban teku, tun kafin jiragen Turawa su san hanyar wurin, an yi wasu mutane da ake kira Aztek. Birninsu a tsakiyar tafki yake, gadojin katako ne suka haɗa shi da tudu, in abokan gaba suka taso sai a ɗage gadojin. Ba su da doki, ba su da jaki, balle raƙumi. In sarki zai yi aike, ƙafar mutum ce ke kaiwa. Shi ya sa aka kafa zango-zango a kan hanya, kowane zango da 'yan gudunsa. Wannan ya taho da saƙo a baki, riƙe da sandar aike, wancan ya fito ya tare shi, su jera suna gudu. Mai kawowa yana faɗa, mai karɓa yana maimaitawa, sai maganar ta zauna daram sannan a miƙa sanda a rabu. Ba tsayawa, ba gaisuwa.

Mazan ƙasar gashi suke tarawa har kafaɗa, kuma gashin ɗan gudu shi ke fara magana kafin bakinsa. In labarin nasara ne, kitso biyu ake yi masa, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure da jan zare. In na asara ne sai a tsefe a bar shi a watse. Mutanen birni tun daga nesa kan suke kallo, su san ko ganga za su ɗauko ko gadoji za su ɗage. Dokar kuwa mai zafi ce. Wanda ya shiga birni da gashin ƙarya, kisa. Wanda saƙo ya zauna a hannunsa har inuwar dutse ta taɓa ƙofar zangonsa bai tashi ba, shi ma kisa.

A zangon ƙarshe kafin birni akwai wata mace, Tepin. Ita ce mai kitson zangon. Aikinta ta zauna a kan soro da matsefi, in ta hango kan mai tahowa ta yi wa mai jira irinsa kafin wancan ya iso. Mijinta Olin shi ke kawo saƙo daga zangon baya. Ɗansu Akatil, wanda ya riga ya zama magidanci, shi ke karɓa ya shigar birni. Tun bara take ce wa Olin ya ajiye sanda, furfura ta cika masa kai, yana ce mata sai an gama wannan yaƙin.

Ran nan da azahar tana kan soro, Akatil na zaune a gabanta ya ba ta kai, sai ta hango ƙura. Ta kare ido da hannu. Olin ne, ta san gudunsa, yana ɗan karkata hagu. Ta dubi kan. Ta sake duba.

Akatil ya ce, “Inna, mene ne? Kitso ko tsifa?”

Ta tsaya da matsefi a hannu. Gefen dama a kitse yake da jan zare. Gefen hagu a watse, iska na wasa da shi.

“Inna, hannunki ya tsaya. Ko idon ne ya fara? Mu nemo miki mai ja miki gora?”

Ta ce, “Rufe mini baki, ɗan nan. Tashi ka duba kan ubanka.”

Ya miƙe ya duba, dariyar ta ɗauke. Ya sauka da gudu ya tare shi kamar yadda aka saba. Suka jera. Olin ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya ɗago kai ya dubi soro, ya yi taku kaɗan, ya kife a ƙofar zango da sanda a hannu. Kafin Tepin ta sauko rai ya yi halinsa.

Ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta. Kuka ma bai zo ba. Ta shafa kitson, ya sassauta, amma kowane kitso yana sassautawa in an yi gudu da shi. Ta shafa gefen da ke watse. Ko reshe ne ya fizge zaren, ko tun can ba a kitsa ba, ba ta iya sani ba.

Sarkin zango, wani tsoho mai suna Mistili, ya fito yana dogara sanda. Ya dubi gawa, ya dubi inuwar dutse da ke rarrafowa daga yamma, ya ce, “Akatil, saƙo ya shigo hannunka tun da kun jera.”

“Baba, bai ce komai ba.”

“Doka ba ta san wannan ba.”

Tepin ta ce, “A koma zangon baya a tambayo.”

Mistili ya ce, “Kafin a je a dawo inuwa ta wuce ƙofa ta hau soro. 'Yata, zaɓi ɗaya ki yi masa. Wataƙila a dace.”

“In ba a dace ba fa?”

Tsoho ya kawar da kai.

Ana cikin haka wata mujiya ta sauka a kan katanga, da rana tsaka, fara fat, tsayinta ya kai na mutum a zaune. Ba wanda ya gan ta sai Tepin. Mujiya ta dubi gawar, ta gyaɗa kai kamar mai ƙidayar kaya, ta juya za ta tashi. A bayanta Tepin ta hango Olin a tsaye, shara-shara kamar hayaƙi, ya zagaya bayan zango da gudu, yana karkata hagu.

Ta zare sandar aike daga hannun gawa, ta ɗaure zaninta a ƙugu, ta ce, “Kada wanda ya taɓa kan ɗana sai na dawo.” Ta zagaya bayan zango.

Bayan zango inda take shanya masara, yau babu masara, babu kaji. Wata hanya ce ta gangara ƙasa, shimfiɗe da toka. Sama ba rana ba wata, haske dai kamar na cikin ƙwarya. Mujiya na zaune a tsakiyar hanya.

Ta ce, “Ya ke 'yar mutane, mai numfashi da ɗumin jiki, ina za ki? Wannan hanyar ta waɗanda suka gama ce.”

Tepin ta ɗaga sanda. “Ranki ya daɗe, aike ne. A ƙasarmu ba a tare mai wannan sanda.”

“A nan ma ba a tarewa. Ni ma 'yar aike ce, ta Sarkin Matattu, na san hakkin sana'a. Amma ki ji da kyau. Matattu ba sa tsayawa, kuma gudunsu ba ya gajiya. A ƙarshen hanya akwai kogi. Wanda ya sa ƙafa a ruwansa, duk maganar da ke bakinsa ta wanke. In za ki same shi, ki same shi kafin ruwa.”

“Ta ina zan bi?”

“Gaba.”

“Ina ne gaba?”

Mujiya ta juya kanta har fuskarta ta koma ƙeya, ta ce, “Inda ba ki fito ba.” Ta tashi.

Tepin ta waiga, zango ya ɓace, hanya iri ɗaya ce ta kowane ɓangare. Ta rasa ta inda ta fito. Ta sunkuya tana duba toka, sai ta ga sawu, na hagu ya fi na dama nutsewa. Ta bi shi. Rabonta da gudu tun tana budurwa. Gwiwoyinta suka fara ƙara, ƙirjinta ya ɗau zafi, ta ci gaba.

Ba ta yi nisa ba ta ji wata irin tsawa, ƙasa na girgiza. Duwatsu biyu ne manya a tsaye, hanya ta ratsa tsakaninsu. Sai su ja da baya kamar raguna, su taho su gwabza kai, tartsatsi ya tashi, su sake ja. Kowane dutse da fuska, da gemu na gansakuka. Ta tsaya ta ɗaga sanda.

Na dama ya ce, “Dakata, ƙanena, ga mai sanda.”

Na hagu ya ce, “Wane ne ƙanenka? Ni aka fara kafawa.” Ya sunkuyo da ido kamar bakin rijiya. “Ya ke mace, faɗi saƙon da kike ɗauke da shi mu ba ki hanya.”

Ta ce, “Iyayena, ba ni da saƙo. Karɓowa zan je.”

Na hagu ya ce, “To ba 'yar aike ba ce. A murƙushe ta.”

Na dama ya ce, “Sanda fa?”

“Sanda ba saƙo itace ne.”

“Wanda ya tafi ɗiban ruwa da tulu babu komai ciki, ba mai ɗiban ruwa ba ne?”

“Sai ya ɗebo.”

“Kai tun da aka kafa ka ba ka taɓa fahimtar magana ba.”

Suka ja baya sosai don su yi karo mai dalili, kowa na zagin uwar ɗan'uwansa, alhali uwarsu ɗaya. Tepin ta runtse ido ta ratsa. Iskar karonsu ta jefa ta gaba, ta faɗi a kan gwiwa, gefen zaninta ya tsaya a tsakanin duwatsu. Ta yage shi ta tashi.

Bayan duwatsu fili ne, cike da mutane suna tafiya, duk fuska ɗaya suka nufa. Mayaƙa ne, da garkuwoyi da hulunan gashin tsuntsu, wasu da kibiya a wuya, wasu sun riƙo hannunsu da aka sare. Ta gane shigar mutanenta, ta ga ta abokan gaba, sun cakuɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Zuciyarta ta yi fari. Ta ce a ranta, ga waɗanda suka ga yaƙin da idonsu, me ya kai ni kogi?

Ta jera da wani dogo sanye da fatar damisa. “Yayana, yaƙin nan, mu muka ci ko mu aka ci?”

Ya ce, “Mu muka ci mana. Lokacin da aka buge ni muna korarsu.”

Wani gajere a gefensa ya yi tsaki. “Kora? Yaudara ce muka yi muku, ku biyo mu cikin kwari. Ni na buge ka ai.”

“In kai ka buge ni, me kake yi a nan?”

“Wani naku ya same ni ta baya.”

“Ka ji, ashe da sauran namu.”

Ta bar su ta tari wani tsoho mai ganga a rataye. Ya ce, “Iya, ni tun da sassafe aka gama da ni, ko kunu ban sha ba. Amma na ji ana guɗa.” Na kusa da shi ya ce kuka ne ba guɗa ba. Wani ya ce tutarsu na tsaye sanda ya faɗi. Wani ya ce ya ga tutar a ƙasa ana taka ta. Wani saurayi ya riƙe mata hannu yana tambayarta ko an ci, don shi ma yana so ya sani. Suka kewaye ta, kowa na faɗin nasa, kowa na rantsuwa, ba wanda ya ga ƙarshe. Kanta ya ɗaure tam. Ta fara ƙirga na wane ɓangare suka fi yawa, ta ga wasu na ta ƙaruwa ta baya, ta rikice.

Ta ɗaga murya. “Wa ya ga ɗan gudu mai kitso gefe ɗaya?”

Duk suka nuna gaba. Mai ganga ya ce, “Ya wuce mu kamar ana binsa bashi. A nan ma sauri yake, ina za shi?”

Ta kutsa ta fita. Ta ɓata lokaci, ta sani, kuma a nan babu inuwar da za ta duba.

Sai iska ta taso. Da fari sanyi ne kawai, can ta ji kumatunta ya tsage. A cikin iskar akwai ɓarɓashin baƙin dutse mai ƙyalli, irin wanda mutanen ƙasar ke yin wuƙa da shi. Ta kare fuska da hannu, hannun ya tsattsage. Ta ɗaga sanda ta yi ihu cewa aike ne, iska ba ta da kunne. Ta kwanta rub da ciki ta ja jiki, har ta kai gindin wani tudu. A kan tudun wata tsohuwa ce zaune, girmanta kamar rumbu, tana kaɗa kai tana soshe-soshe. Gashinta ne iskar. Ya bazu ya rufe sararin duka, a cukurkuɗe, wuƙaƙe maƙale a ciki, duk kaɗawar da ta yi sai su tashi.

Tepin ta ce, “Kaka, sannu da fama.”

Tsohuwa ta tsaya da kaɗawa. “Wa ke mini sannu? Tun da aka ajiye ni a nan ban ji wannan kalma ba. Ya ke ƙaramar halitta, me kike so?”

“Hanya nake so, Kaka. Ɗana ke bakin mutuwa.”

“Kowa ɗansa na bakin mutuwa. Ni kaina ke ƙaiƙayi.”

Tepin ta dubi kan. Duk da halin da take ciki sai da ta ce, “Haba Kaka, yaushe rabon kan nan da matsefi?”

“Mene ne matsefi?”

Ta laluba ƙugunta, yana nan inda ta soke shi. Ta ce, “In na kama miki shi ya daina damunki, za ki bar ni in wuce?”

“In kin kama shi, har tura ki zan yi. In kin ja mini da zafi, zan kaɗa kai sau ɗaya, a tsince ki gutsi-gutsi.”

Ta hau kafaɗar tsohuwa ta fara. Ba ta tsaya tsaga mai kyau ba, ta raba shi gida biyu kamar na 'yan gudu. Tana zare wuƙaƙe tana jefarwa, yatsunta na zubar da jini, gashin na shanyewa. Tana kitsawa tana jin kamar inuwar dutse a bayan wuyanta take tafiya. Tsohuwa kuwa ta lumshe ido tana gurnanin daɗi, tana cewa, “Nan, nan, ɗan sosa nan.” Da ta kai ƙarshe ba zare, ta yage sauran bakin zaninta ta ɗaure. Sarari ya yi tsit.

Tsohuwa ta shafa kai, ta ce, “Af. Ashe haka duniya take da shiru.” Ta ɗauki Tepin a tafin hannu, ta hura ta.

Ta tashi sama kamar ƙaiƙayi, ta wuce wani daji da itatuwansa ke tsiro da saiwa a sama, ta wuce wani gari da mutanensa ke shiga ƙofa suna fitowa ta ita ɗin dai, ta faɗo a kan yashi mai sanyi. Ga kogi can gaba, baƙi, faɗinsa ba a ganin ƙarshe, jajayen karnuka na jere a bakinsa suna jiran waɗanda za su ƙetar. Ga Olin yana gangarawa.

Ta tashi ta bi shi. Ta so ta kira sunansa, bakinta bai saba ba. Ta yi ihu, “Maigida! Baban Akatil!” Bai waiga ba. Sai ta tuna ɗan gudu ba ya waigen kira. Ta tattara abin da ya rage mata ta kai kafaɗarsa, ta daidaita ƙafarta da tasa, ta miƙa hannu yadda mai karɓa ke yi.

Ya dube ta ta gefen ido. Fuskarsa ce, har da tabon da ke haɓarsa. Ya ce, “Ke ce? Ina yaron?”

“Yana zango, inuwa na tahowa. Faɗi.”

“Kin rame.”

“Yau da safe ka gan ni. Faɗi!”

Ya ce, “Biyu ne. Ɗaya na sarki, ɗaya naki. Shi ya sa na raba kan, don ki gani tun daga soro. Na ɗauka za ki gane.”

“Wa ya taɓa raba kai, Maigida? Wa ya taɓa? Ka kusa kashe mana ɗa.”

“Ban yi tunanin nan ba. Ina ta sauri in iso.”

Inuwa fara ta gifta a kansu. Mujiya ce, tana tafe a sama daidai da gudunsu. Ta ce, “Ya ke mai sanda, sanda ɗaya saƙo ɗaya. Haka yake a wurinku, haka yake a nan. Wanda kika maimaita shi zai bi ki gida. In kika ji na biyu, duka biyun za su zube a hanya.”

Tepin ta ce, “Ranki ya daɗe, gajere ne. Kalma ɗaya ma ta isa.”

“Ko rabin kalma.”

Yashi ya fara danshi a ƙarƙashin ƙafarta. Wani jan kare ya miƙe yana kaɗa wutsiya, ya nufo Olin. Ta dubi mijinta. Tun tana yarinya aka kai ta gidansa, bai taɓa aiko mata da komai ba. Mutum ne da in ya dawo sai ya ci tuwon masararsa ya kwanta, in ta yi magana ya ce uhm. Yau ga shi da saƙonta, ya ɗauko shi tun daga wani zango, har ya taɓa kansa da hannunsa saboda shi.

Ya ce, “Naki ɗin, Tepin, wato…”

Ta toshe kunne ɗaya da hannu, ta ce, “Na sarki.”

Ya ƙara taku biyu. Sannan muryarsa ta koma ta aiki, ba hawa ba sauka. “An ci mu a kwarin jan dutse. Abokan gaba na tafe ta hanyar gabas. A ɗage gadoji.”

Ta maimaita. “An ci mu a kwarin jan dutse. Abokan gaba na tafe ta hanyar gabas. A ɗage gadoji.”

“Ya zauna,” in ji shi.

A nan ne mai karɓa ke rabuwa da mai kawowa. Ƙafarta ta ƙi. Ta ƙara taku, ta ƙara, har ruwa ya kusa lasar yatsunta. Mujiya ta yi wata ƙara. Tepin ta ja burki a kan yashi. Olin ya shiga ruwa har gwiwa, ya kama wuyan kare. Sai a lokacin ya waigo, ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo a kasuwa, ya juya.

Ta juya ita ma tana maimaita saƙo a baki, don kada ya zube. Ba ta san ta inda ta bi ba. Ta dai san ta yi tuntuɓe da tabarmar shanya, masara ta watse, kaji suka tashi. Rana ta dake ta a ido.

Inuwa saura kamar faɗin tafin hannu ta taɓa ƙofa. Akatil na tsaye, Mistili na riƙe da jan zare yana cewa, “Zo in ƙulla maka ko yaya ne, yawanci ai nasara ake yi.” Da suka gan ta, zani a yage, hannu duk jini, suka yi baya.

Akatil ya ce, “Inna! Daga ina? Yanzun nan kika zagaya.”

“Jera da ni.”

“Inna, ke fa…”

“Na ce jera!”

Ta fizge zaren daga hannun tsoho ta yar. Ta cusa yatsu a gashin ɗanta ta watsa shi. Suka fita ƙofa da gudu, uwa da ɗa, tana faɗa yana maimaitawa. Muryarsa ta karye a wurin gadoji, ta sa shi ya sake. Ta ce, “Ya zauna,” ta danƙa masa sanda. Ya tafi, gashi na tashi a bayansa. Ta tsaya a tsakiyar hanya har ya zama ɗigo.

Can da la'asar aka ji ƙahonni daga birni, aka hango gadoji na tashi ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta faɗi ƙurar abokan gaba ta bayyana ta gabas, suka iske ruwa a gabansu. Wani mai kwalekwale ya kawo labari cewa an tsare Akatil a fada har aka tabbatar, an sake shi, an ba shi mayafi.

Matan zango suka taru don shirya gawa. Tepin ta zauna ta sake ɗora kansa a cinya. Sai yanzu lissafin ya zo mata. In na sarki asara ne, to gefen da ke watse na sarki ne. Kitson nata ne.

Ta duba shi da kyau. Tsagar a karkace, igiya ɗaya ta fi sauran kauri, ƙullin irin na ɗaurin akuya. Jan zaren ma daga bakin ɗan mayafinsa ya zare shi. Yana gudu ya yi shi, da hannunsa, da labarin an ci su a bakinsa, ƙirjinsa na shirin fashewa. Labari mai daɗi ne, nata ita kaɗai.

Ta ce a fili, “Mene ne?”

Matan suka dubi juna. Ta shiga lissafi. Ko cewa zai yi ya ajiye sanda daga yau? Ko ƙanwarta da ke aure kusa da zangon baya ce ta sauka lafiya? Ko ya samo mata irin barkonon nan da ta daɗe tana nema? Ko wata magana ce da ya riƙe shekara da shekaru, sai yau da ya ji abin na zuwa? Kowanne ta ɗauka sai ya yi kama, ta ajiye ta ɗauki wani shi ma ya yi kama. Daga baya ta aika zangon baya, suka ce da kai a watse ya bar su, bai ce wa kowa komai ba. Ƙanwar kuwa ba ta haihu ba sai bayan wata guda.

Babbar cikin matan ta matso da ƙwaryar ruwa, ta ce, “Tepin, kawo matsefi a tsefe wannan ɗin. Ba a sallamar mutum da kai biyu. Kuma ki ga kitson ma, kamar kaza ta yi tono.”

Tepin ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kukan da ya ƙi zuwa tun azahar. Ta rufe kitson da tafin hannunta mai yanka.

Ta ce, “Ku wanke ko'ina. Nan kada a taɓa. Ban karɓa ba tukuna.”

Haka aka sallame shi, gefe a watse, gefe a kitse.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus. Abin da ke cikin kitson kuwa, wanda ya sani ya riga ya ƙetare ruwa.